Bangon Gabas na Zaurenmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Garba, manomi a Bungudu, zuwa ga ƙanensa Na-Allah magini, a duk inda ƙafa ta kai shi cikin ƙasashen gabas. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda yake ba ka ruwan sha a can. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gero ya yi kyau bana, dawa ce dai ta ɗan ba mu kunya. Matata Hajo tana gaishe ka, liman yana gaishe ka, mutanen unguwa ma haka, har da waɗanda ba su ce in gaishe ka ba, don na san in suka ji na rubuta ban sa da su ba, ba zan sha ruwa a garin nan ba.

Bayan haka, ban san garin da kake ba. Zan danƙa takardar nan ga maniyyatan da za su tashi daga Gusau in an gama girbi, su kuma su yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Na san kafin ta iso ka, in ta iso, mutane da yawa za su warware ta su karanta. Ban hana su ba. Saboda su ne ma za ka ga ina ba ka labarin abin da ka fi ni sani, don wanda ya karanta ya gane ka in ya gan ka. Ka yi haƙuri da surutuna, da ma ka san ni da shi.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni, ita ce maganar bangon gabas na zaurenmu, wanda ka zana kafin ka tafi. Kai ne magini, ba sai na gaya maka halin ginin ƙasa ba: in ba a sake masa yaɓe kafin ruwa ya sauka ba, damina ta dinga cinsa ke nan har ya zube. Sabon yaɓe kuwa ba ya tambayar abin da ke ƙarƙashinsa, rufewa kawai yake yi. Ranar da ka tafi na rantse a gaban mutane cewa babu hannun da zai taɓa bangon nan sai naka. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, kai ba ka zo ba, bango kuwa bai san da wata rantsuwa ba. Zan gaya maka yadda muka ƙare da shi, amma bari in ɗauko daga farko.

Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato ne, rani ya yi tsaka. Ni lokacin ban wuce kiwon awaki ba. Da farko labari muka ji, daga baya sai ga mutane. Kwana da kwanaki suna ratsa Bungudu sun nufi Gusau, daga can kuma sai gabas: raƙuma, jakuna, shanu, mata da tukwane a ka, tsofaffi a bayan 'ya'yansu. Ba sa surutu, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Taro mai yawan haka, amma ba ka jin komai sai takun ƙafa da kukan jarirai. Baba ya liƙe bakin rumbu da laka, ya ce kada wanda ya leƙa waje. Inna Kulu kuwa, ka san ta da jin magana, ta jawo randa har bakin hanya ta tsaya tana miƙa moɗa.

Da hanya ta yi shiru, Inna ta sauka gulbi tonon ruwa, ina biye da ita da tulu. A nan muka same ka cikin rairayi, ɗan yaro da 'yar riga iya gwiwa, leɓe duk ya tsattsage. Ka durƙusa ka kifa tafin hannunka a kan wani sawu guda, cikin sawayen da ba su ƙidayuwa. Inna ta yi maka magana da Hausa, ta gwada ɗan Fillancinta na sayen nono, ba ka ko ɗago ba. Ta kama hannunka, ka gantsara mata cizo. Ni dai cewa na yi mu tafi, yaron nan ba shi da hankali. Ita kuwa ta tsuguna ta leƙa, ta ga sawun mace ne. Sai ta zame hannunka a hankali, ta kife ƙwaryarta ta ɗiban ruwa a kan sawun, ta ɗora dutse. Sannan ka yarda ka miƙe. Ranar nan da tafin hannu muka cika tulu.

Da muka shiga gida Baba ya dube ka, ya dubi rumbu, ya ce, “Kulu, mu da muka aunin tsaba da hannu, ina za mu kai wanga?” Ta ce, “Wanga yaro na Allah na, ba kai ka cishe shi ba.” Sunanka ke nan har yau. Washegari da sassafe ka sulale ka koma gulbi, aka tura ni in komo da kai. Shanun Fulani sun riga mu zuwa. Ƙwarya ta fashe, wurin duk ya dame. Ka tsaya ka daɗe kana kallo, ba ka yi kuka ba, sannan ka juyo ka biyo ni gida.

Ba zan ɓoye maka ba, kuma da ma ka sani, ban so zuwanka ba. Tabarmata ta zama ta mutum biyu, akushina ma haka, ga shi kai ci kake yi kamar wanda aka aiko. Ga rashin magana. Damina guda cur muka yi da kai ba wanda ya ji muryarka. Yaran unguwa suna ce maka bebe, ni ma ina taya su in Inna ba ta kusa. Amma in wani ya kai maka hannu sai in ji raina ya ɓaci, in tarar masa. A lokacin ina ce wa kaina don kada a yaga rigar da Inna ta ɗinka ne.

Da kaka Baba ya yi wa rumbu sabon yaɓe, ya shafe shi sumul, ya tafi wanke hannu. Kafin ya dawo ka dunƙule hannu ka bi gindin rumbun kana dannawa da gefen tafinka, kana gyarawa da ɗan yatsa. Na yi murna, na ce yau za ka sha kashi. Baba ya zo ya ɗaga hannu, sai ya tsaya da hannun a sama yana kallo. Ya ce, “Wanga ai sawun raƙumi na. To mi ya sa guda bai hito da kyau ba?” Sai muka ji wata 'yar murya a dishe ta ce, “Gurgu na.” Inna ta saki muciya a tukunya ta fito da gudu. Baba kuwa ya sauke hannunsa ya soshi ƙeya, kamar da ma abin da ya ɗaga shi yi ke nan.

Sai bayan shekaru ka ba ni labarin rabuwarku, muna korar tsuntsaye a gonar gero. Ban tambaye ka ba, kai ka fara don kanka. Ka ce ubanka ya fita da masu yaƙi bai dawo ba. Ka ce uwarka ta goya ƙanwarka, ta ɗora kaya a ka, ta ce ka riƙe bakin zanenta, ka dinga duban ƙasa kada ka taka ƙaya. Kai kuwa ka bi maganarta. Ka yi ta duban ƙasa, ka yi ta ganin ƙafafu, na mutane da na dabbobi, har ka san kowace ƙafa da irin takunta. A mashigin gulbi aka yi turereniya, zanen ya suɓuce, ka yi maza ka sake cafke shi. Sai da aka haye ka ɗaga kai, ka ga zanen wata mata ce daban. Ba ka san sunan garinku ba, sai dai akwai marina da babbar tsamiya. Ba ka san sunan uwarka ba, Inna kake ce mata. Ka ce ko fuskarta ta fara ɓace maka, amma ƙafarta kam ko cikin kasuwa za ka gane ta. Ranar tsuntsaye sun ci gero son ransu.

Noma dai bai karɓe ka ba, wannan kowa ya shaida. A ba ka kunya ɗaya ka nome, sai a same ka can bakin gona kana bin sawun zabi da ido. Baba ya gaji, ya ɗauke ka ya kai ka Gusau wajen Malam Bawa magini, ya ce masa ga yaro nan, ba ya jin fartanya amma yana jin laka. Na zo ganinka ranar wata kasuwa na tarar da kai cikin ramin kwaɓa har cinya, kana tattaka ƙasa da ciyawa, fuskarka ba a ganin komai sai ido. Na yi maka dariya har na riƙe ciki. Ka ce, “Yaya, yi ta dariya, wata rana ni ka gina maka inda za ka zamna.” Na ce in dai kai ne, gara in ci gaba da zama gindin ceɗiya.

Ka daɗe kana kwaɓa da miƙa tubali kafin Malam Bawa ya bar ka ka hau bango. Ya koya maka zanen da ya gada, dagi da takobi da sauransu, ka kuwa iya su har ya daina duba aikinka. Sai dai duk bangon da ka gama, can ƙasa daidai gwiwar mutum, sai ka bi shi da jerin sawu. Ya yi faɗa, ya sa ka goge, ka goge, gobe ka sake a wani gidan. Ya ce mini da bakinsa ya taɓa jifanka da curin laka saboda haka. Abin da ya kashe masa baki shi ne ranar da wani mai gida ya zo ya ce a yi masa zaure, amma da sharaɗin a sa masa irin ƙafafun nan na yaron.

Aikin Tsafe ne ya fitar da sunanka. Wani fatake mai cinikin tufafi ya gina soro a gindin dutse, ya ba ka fuskar gidan gaba ɗaya ya ce ka yi yadda ka ga dama. Ka cika ta da sawu daga ƙasa har sama. Sai magana ta tashi, wasu suka ce ai wannan siffanta mai rai ne, bai halatta ba. Na zo da raina a ɓace, na shirya rigima. Aka ɗauko wani tsohon malami ya zo ya duba, yana dogara sanda. Ya bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ya ce, “Abin da anka hana shi na siffar mai rai. Nan ko mai ran ya wuce, wurinai ɗai ya bari.” Kowa ya watse. Ni kuma na rasa inda zan kai faɗan da na ɗauko tun daga Bungudu, sai na sauke shi a kan mai jakin da ya kawo ni.

Daga nan ne waɗanda gudun shekarar nan ya zubar a hanya suka fara nemanka. Ashe suna da yawa, a Tsafe, a Mada, a Gusau: wanda ciwo ya tsayar, wadda haihuwa ta kama, yaran da aka tsinta irinka. Na gan su da idona. Su ba sa yabon aiki kamar sauran mutane. Zuwa suke yi su tsaya gaban bangon, wani ya kai hannu ya shafa sawun jaki, ya juya ya tafi. Kai kuma in ka gan su sai ka sunkuyar da kai ka shiga wanke hannun da ba shi da datti.

Shekarar annobar mura Inna ta kwanta ciwon ajali. Baba ya riga ya rasu da daɗewa. Aka aika maka Gusau, ka taho a ƙafa, laka ba ta ko bushe a gwiwar hannunka ba. Ka zauna wajen ƙafafunta kana matsa mata su, don ta ce nan ne ke mata sanyi. Ta yi maka tsiyar rashin aure kamar yadda ta saba, ka yi murmushi kamar yadda ka saba. Da ka fita ɗebo ruwa ta kira ni kusa ta ce, “Garba, wata rana za shi ce za shi. In ya ce, kak ka hana shi.” Na ce ina za shi, nan ne gidansu. Ta ce, “Nan na gidansu, shi ya sa za ya iya tahiya.” Ban gane ba a lokacin, na ɗauka zafin ciwo ne.

Maganarta kuwa ta tabbata. Bayan wasu shekaru wani alhaji ya dawo Tsafe bayan doguwar tafiya, ya ce can gabas, a bakin wani babban kogi, ya ga gari guda na mutanen da suka yi gudun nan, suna Hausa irin ta Sakkwato, suna noman dawa. Sai dai na ga ka zo Bungudu da rani, ka tsuguna a ƙofar gida kana murza ƙasa a hannu. Ka ce zauren zanan nan ya ishe ka gani, za ka gina mini na ƙasa. Na ce ban da abin biyan gwani. Ka ce ai ka ci tuwona tun kana yaro, a bar shi a haka.

Da ginin ya tashi, ka kori kowa daga bangon gabas, wanda ke fuskantar hanya, ka yi shi kai kaɗai. Na san ka san abin da ka zana, amma bari in faɗa don masu karatu, don yanzu a bakina kawai yake. Ayari ne guda na sawu, ya taso daga kusurwar hagu ya bi bangon a karkace ya haura sama: raƙuma masu kaya, da gurgun nan a cikinsu, jakuna, shanu, ƙafar namiji mai takalmi, ƙafar tsoho da ɗigon sandarsa a gefe, ƙafafun mata. A tsakiya sai wani ɗan ƙaramin sawu ya fita daga cikinsu ya tsaya shi kaɗai. Daga ƙasa kuma wani sawun mace ya taho ya same shi, suka juya tare, babba da ƙarami, suka gangaro har bakin ƙofar zaure. Babban yatsan ƙafar matar ya karkace waje. Duk wanda ya san Inna Kulu ya san wannan yatsa. Da na gani na shige cikin gida na ce hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido, Hajo kuwa ko wuta ba ta hura ba.

Da bango ya bushe ka ɗaure 'yan kayanka. Na tuna maganar Inna, ban hana ka ba, amma ban yi maka fuskar arziki ba. Da hantsi ne, maƙwabta sun taru a ƙofar gida. Ka dafa bangon ka ce, “Yaya, ƙasa ta. In ta nemi yaɓe, ka yaɓe ta.” Wannan magana ita ta tunzura ni, don na ji kamar kana gaya mini ba za ka dawo ba. Na ɗaga murya na rantse da Allah babu mai taɓa shi sai kai. Ka girgiza kai ka ce, “Kai dai ba ka canzawa.” Na raka ka har gulbi, daga nan na tsaya.

To ka ji yadda na yi ta fama. Daminar farko bai nuna komai ba, na yi ta taƙama. Ta biyu sai gefen sawayen ya fara lallausa. Ka san ruwanmu daga gabas yake zuwa da iska, bangon nan kuwa shi ke tare shi da ƙirji. Na saƙa zana na jingina masa, awaki suka cinye. Na sake saƙa wata na ɗaure ta sama, gara ta samu inuwa ta shiga yi mini nata ginin a kan naka. Na kafa rumfa, iska ta ɗauke ta ta kai wa maƙwabci. Raƙuman sama ne suka fara tafiya, sannan shanu. Kowace safiya in an yi ruwa sai in fito in duba abin da ya rage, in ga jar laka kwance a gindin bango. Daga baya tsaga ta fito daga sama ta nufo ƙasa. Hajo ta yi magana, na ce ta kula da tukunyarta. Liman ya ce rantsuwa irin wannan tana da kaffara, addini bai matsa wa kowa ba. Na ce masa na gode, na karanta wurin ni ma.

Ba taurin kai ne kawai ba, Na-Allah, ko da yake akwai shi. Tsoro nake ji. Gani nake in na rufe bangon nan, na yarda ke nan ba za ka dawo ba, kuma ƙafar Inna ta tafi ke nan har abada. Ba ni da wani abu nata da ya wuce wannan, ba ni da wani abu naka.

Bayan tafiyarka Allah ya ba mu 'ya mace, na sa mata sunan Inna, muna ce mata Uwar-gida don bakina ba ya iya kiran sunan. A ƙarshen daminar bara tana zaune a gindin bangon da hantsi tana ɓarar gyaɗa a faifai, ni ina gefe ina gyaran ƙotar fartanya. Ba iska, ba ruwa. Sai kawai wani gutsure ya ɓallo daga sama, ya kai girman turmi, ya faɗo a kan faifan. Ya farfasa gyaɗar, ya watsa mata ƙasa a ido, bai taɓa ta ba. Ta dube ni tana jiran in gaya mata ko abin kuka ne. Na ɗauke ta. Hajo ta fito ta karɓe ta ta shige ciki, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Da rani na tafi Gusau wajen Malam Bawa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya kusa rufewa, amma bakin yana nan yadda ka bar shi. Na roƙe shi ya zo ya ga ko za a iya yaɓe sama a bar zanen. Ya hau jaki ya biyo ni, da magina biyu daga cikin mutanensa. Ya bi bangon da tafin hannu yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Da ya kai kan sawayen nan biyu, babba da ƙarami, ya daɗe a wurin. Sannan ya ce ruwa ya shiga bayan zanen, fatar ta rabu da jikin, in ba a kankare an yaɓe gaba ɗaya ba, wata damina zauren zai kwanta. Ya ce, “Ni na ruhe aikin ubana da hannuna, Na-Allah ko ya ruhe nawa ina tsaye. Haka sana'ag ga take.” Na ce to a yi, amma ni ba zan tsaya in gani ba, gona za ni.

Aka kwaɓa ƙasa, ta kwana biyu tana tsima. Ranar aiki na saɓa fartanya zan fice, sai Malam Bawa ya ce in dakata. Wai su magina ba sa fara jefa laka a kan zanen mutumin da ke da rai, sai shi da kansa, ko ɗan'uwansa ya fara. Ɗaya daga cikin maginan, wani mai dogon wuya, ya ce, “To ai sai mu koma, Malam. Na-Allah ba shi da kowa garin ga, tsintatai anka yi.”

Ka san ni. Ban san lokacin da na yar da fartanya ba. Na tsoma hannu biyu cikin laka na ciko su, na ce wa mai dogon wuyan ya buɗe idonsa da kyau ya ga ɗan'uwan. Na je gaban bangon. A nan zuciyar ta sauka, ta bar ni tsaye da laka tana ɗiga ta tsakanin yatsuna. Ga ƙafarka, ga ƙafar Inna, sun dushe amma ana gane su. Na yi bisimilla. Ban jefa ba kamar yadda magina ke yi, na durƙusa na shafa a hankali, na fara da taka, sannan tata. Malam Bawa ya ce, “To, ɗan'uwa ya hwara. Ku kama.”

Har yau ban sani ba ko da gaske akwai wannan al'ada a wajenku, ko tsohon ne ya ƙaga ta don ya san halina. Na lura dai mai dogon wuyan yana ta sunne kai yana murmushi da ana cin tuwo. In ka dawo ka gaya mini gaskiya. Kaffara kuwa na yi ta, liman ya tsaya a kaina har na gama.

Damina ta zo ta wuce, bango ko gezau bai yi ba. Uwar-gida tana zama a gindinsa, ni kuma ina iya kallon wani wurin. Na yi zaton in aka rufe zanen zan ji kamar na binne ka. Na ji zafi, ba zan ce ban ji ba, amma ba irin wanda na ji tsoro ba. Abin da na gane ranar shi ne ba bangon ne ya sa kake ƙanena ba. Ina kewarka, Na-Allah. Ban taɓa faɗa maka irin wannan da baki ba, kuma in ka dawo kada ka sa ran zan maimaita.

Malam Bawa ya ce zai turo wanda zai yi wa bangon sabon zane, na ce a'a. An shafe shi sumul, an sa masa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya yi duhu, babu ko ɗigo a jikinsa. Masu wucewa suna tambaya me ya sa zaure mai kyau haka ba shi da ado, ina ce musu mai aikin ya yi tafiya. Wannan karon ban rantse ba. In ya nemi yaɓe zan yaɓe shi, bana da baɗi da duk shekarar da Allah ya ba ni, don ka same shi a tsaye.

In ka sami wadda ka je nema, ka gaishe ta, ka ce Garba ɗan Kulu yana gaishe ta da girmamawa. Ka gaya mata ɗanta bai taɓa kwana da yunwa a gidanmu ba, sai ranar da mu ma muka kwana da ita. In tana da ƙarfin tafiya ka taho da ita, akwai ɗaki. In kuwa ba ka same ta ba, kada kunya ta hana ka juyowa, babu wanda zai tambaye ka komai.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka masauki na alheri da mutanen kirki. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya jiƙan mahaifinka, ya jiƙan duk waɗanda suka faɗi a wannan hanya ba a san sunansu ba. Wanda ya karanta takardar nan ya miƙa ta gaba, Allah ya kai shi gidansu lafiya. Kai kuma Allah ya sa ina da rai ranar da za ka yi sallama a ƙofar nan. Amin.

Wassalam.

Yayanka,
Garba na Inna Kulu,
Bungudu.